Wa ke da iko da gawa? Fashin baƙi kan rikicin dokar alloli da umarnin sarki a wasannin tsoffin Girkawa

Shin hukuma na da ikon hana mutum abin da ya yi imani cewa wajibi ne a kansa daga sama? In kuma ta hana, wanne zai bi? Tambayar kan taso da zafi duk lokacin da gwamnati ta sa hannu a sha'anin gawa. A watan Afrilun 2020 gwamnatin Siri Lanka ta wajabta ƙona gawar duk wanda cutar korona ta kashe, har da Musulmi da Kirista waɗanda binnewa suka sani. Ba a janye dokar ba sai Fabrairun 2021, kuma a 2024 gwamnatin ƙasar ta fito ta nemi afuwa. A irin wannan muhawara da wuya a daɗe ana magana wani masani bai ambaci sunan Antigoni ba, budurwar nan ta cikin wasan kwaikwayon da wani Bagirke mai suna Sofokilis ya rubuta fiye da shekara 2,400 da suka wuce.

Yadda aka saba kawo labarin shi ne: ga azzalumin sarki marar addini, ga saliha da ta zaɓi mutuwa a kan ta bi shi. Wannan taƙaitawa ta rage wa wasan ƙarfi. Sarkin da ke ciki da sunan alloli yake rantsuwa, yana ganin su yake karewa, kuma dokar birnin Atina ta wancan zamani tana goyon bayan rabin abin da ya yi. Abin da Sofokilis ya tono ya fi ban tsoro: yadda mai mulki ke farawa da gaskiya a hannunsa, sai ya ɗauka duk abin da ya fito daga bakinsa shi ne nufin alloli, daga nan kuma kunnensa ya toshe.

Wane irin wasa ne, su wa ke kallo?

Wasan ban tausayi, a wajen Girkawa, wasa ne da ke nuna yadda babban mutum ko babban gida ke rushewa, galibi ta dalilin wani abu da shi kansa ya aikata yana ganin daidai ne. A birnin Atina ake yin su, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin bikin shekara-shekara na wani abin bautarsu da ake kira Diyonisas, a farkon bazararsu. Dubban mutane ke zama a gangaren dutsen Akrofolis tun da safe. Marubuta uku ake zaɓa su kara, kowanne ya kawo wasannin ban tausayi uku da na raha guda, alƙalai su fitar da gwani. 'Yan wasa maza ne zalla, su uku kacal ke magana, suna sauya fuskokin aro da aka ƙera musu, sai kuma 'yan amshi da ke waƙa suna tsokaci a kan abin da ke faruwa.

Hukuma ce ke shirya bikin, ita ke ɗora wa attajirai nauyin kuɗin 'yan amshi. Kafin a fara wasa, manyan kwamandojin yaƙi goma na birnin su ke yin hidimar alloli, a baje harajin da garuruwan da ke ƙarƙashin Atina suka kawo, a fito da marayun da iyayensu suka mutu a fagen fama. Wato gwamnati ce ta tara jama'a, da kuɗinta da sojojinta a gabansu, sannan ta ba marubuci dama ya tambayi inda ikon gwamnati ya tsaya. Wannan abu yana burge ni har yanzu.

Shi kansa Sofokilis ɗan cikin gida ne a harkar mulki. Ya riƙe muƙamin ma'aji na ƙawancen da Atina ke jagoranta a wajen shekara ta 443 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuma zaɓe shi cikin kwamandojin da suka tafi yaƙin tsibirin Samos tare da Ferikilis, jagoran siyasar Atina na lokacin, a wajen 441, wato dab da lokacin da masana ke ganin an nuna wasan Antigoni. Ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai ne suka iso mana cikakku. Mutumin da ya san nauyin ba da oda ne ya rubuta wasan da ke kan haɗarin ba da oda.

Me Girkawa ke nufi da dokar alloli?

Nan ne mai karatu Bahaushe ya kamata ya yi hattara. Da ya ji labarin zai tuna cewa jana'iza farilla ce ta kifaya, ya tuna hankakan da Suratul Ma'ida ta ambata wanda ya nuna wa ɗan Adam yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa, ya tuna ƙa'idar nan ta cewa babu biyayya ga abin halitta wajen saɓa wa Mahalicci. Kamannin na nan, amma tushen daban ne. Girkawa mushirikai ne masu alloli da yawa, alloli masu faɗa da juna da kishi da son kai. Ba su da saukakken littafi da za a koma wa a yanke hukunci. Hatta yadda suke sallamar mamaci ba irin namu ba ne: suna binnewa, suna kuma ƙonawa.

Abin da suke kira dokar alloli wasu ƙa'idoji ne da ba a rubuta ba, waɗanda kowa ya tashi ya tarar: a girmama iyaye, kada a ci amanar baƙo, kada a taɓa wanda ya nemi mafaka a wurin bauta, kada a karya rantsuwa, kada a bar gawa a fili. Sun yi imani cewa mamacin da ba a yi masa hidima ba ruhinsa ba ya samun shiga mazaunin matattu, kuma gawar da aka bari tana jawo wa gari dauɗar da ke fusata alloli. Ko matafiyi ne ya ga gawa a hanya, ana sa ran ya watsa mata ƙasa kafin ya wuce.

A ɗaya gefen kuma akwai dokar birni, wadda mutane suka zauna suka tsara. Atina ta fara rubuta dokokinta a wajen 621 ta hannun Dirako, Solon ya yi musu garambawul a wajen 594, sannan daga 508 mulki ya koma hannun majalisar jama'a. Rubutacciyar doka ana iya karanta ta, a yi gardama a kanta, a sauya ta gobe. Wadda ba a rubuta ba kuwa, kowa na iya cewa shi ne ke magana da yawunta. Daga nan rikicin ya samo asali.

Abin da ya faru a Tibis

Labarin da ke cikin wasan bai faru a Atina ba, an kai shi birnin Tibis, abokin gabarta. Akwai dalili. Shekaru kafin haka an ci tarar wani marubuci mai suna Firinikus dirakma 1,000 saboda ya nuna wa mutanen Atina wani bala'i da ya shafe su kai tsaye, har suka fashe da kuka a wurin kallo. Marubuta sun koyi darasi: a ɗauko tsohuwar tatsuniya, a ajiye ta a garin wasu.

Sarki Idifus ya bar 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu. Mazan, Itiyokilis da Folinaikis, suka yi rikici a kan sarauta. Folinaikis ya tafi birnin Argos ya ɗauko runduna ya kawo wa garinsu hari ta ƙofofinsa bakwai. Harin ya ci tura, 'yan'uwan biyu kuma suka kashe juna. Sarauta ta faɗa hannun kawunsu Kiriyon, ɗan'uwan mahaifiyarsu. Shelarsa ta farko ita ce: Itiyokilis da ya mutu yana kare gari a yi masa jana'iza ta girma, Folinaikis kuwa a bar shi a fili karnuka da tsuntsaye su ci, wanda ya binne shi ko ya yi masa kuka a jefe shi.

Antigoni, ɗaya daga cikin 'ya'yan Idifus mata, ta nemi 'yar'uwarta Isimeni su je su rufe shi. Isimeni ta ƙi. Antigoni ta tafi ita kaɗai.

Sofokilis bai nuna aikin a fili ba, ta bakin mai gadi muka ji. Ya zo gaban sarki yana jan ƙafa, yana kewaye-kewaye, ya ce: ranka ya daɗe, wani ya rufe gawar ya tafi. Babu alamar diga, babu sawun keke, ƙasar a bushe take ƙam, ƙura ce kawai aka yayyafa a jikin. Sarki ya yi masa barazanar kisa in bai kawo mai laifin ba. Masu gadin suka koma suka share ƙurar, suka zauna a kan tudu ta inda iska ba za ta kawo musu wari ba. Da rana ta take, guguwa ta taso ta rufe sarari. Tana lafawa sai ga yarinyar a tsaye kan gawar tana kururuwa kamar tsuntsuwar da ta dawo ta tarar da sheƙa ba 'ya'ya. Ta ɗebo ƙasa da hannu, ta ɗaga butar tagulla ta kwarara wa mamacin abin sha sau uku. Da suka kama ta ba ta musa komai ba.

Kiriyon ya tambaye ta ko ta san da shelar. Ta ce ta sani. Ta ce ba Ziyus, babban abin bautarsu, ne ya yi wannan shela ba, kuma ba ta zaci umarnin mutum mai mutuwa zai iya ture dokokin alloli da ba a rubuta ba, waɗanda ba na yau ba ne ba na jiya ba, ba kuma wanda ya san farkonsu. Wannan gajeren jawabi shi ne abin da duniya ta fi riƙewa daga wasan. Kusan shekara 100 bayan haka masanin falsafa Aristotil ya kafa hujja da shi cewa akwai adalcin da ya shafi kowa ko ba a rubuta shi ba.

Hujjar Kiriyon ba ta banza ba ce

A jawabinsa na farko Kiriyon ya ce ba a sanin zuciyar mutum sai an jarraba shi da mulki, kuma duk wanda ya fifita ɗan'uwa ko aboki a kan ƙasarsa ba komai ba ne a wurinsa, domin ƙasa ce jirgin da ke ɗauke da kowa. Gari ne da ya kwana cikin yaƙi. Mamacin da ake magana a kansa ɗan 'yar'uwarsa ne, kuma yana son jama'a su ga cewa jini bai sa ya sassauta ba. Masu kallo a Atina ba su ji wannan a matsayin maganar azzalumi ba. Shaida ita ce a shekara ta 343 fitaccen mai jawabi Dimostinis ya sa aka karanta waɗannan baitoci a kotu a matsayin misalin yadda ɗan ƙasa nagari ke tunani.

Dokar Atina kuma ta hana binne maci amanar ƙasa da ɓarawon kayan wurin bauta a cikin ƙasarta. Timistokilis, wanda ya jagoranci nasarar Salamis a kan Farisa a 480, daga baya an tuhume shi da cin amana ya mutu a gudun hijira, kuma marubucin tarihi Tusididis ya ruwaito cewa danginsa sun ce a ɓoye suka dawo da ƙasusuwansa gida. To in gwarzo irin wannan dokar ta hau kansa, ina ga wanda ya kawo baƙin sojoji su ƙone garinsu?

Kiriyon ma yana da tasa hujjar ta addini. Da shugaban 'yan amshi ya ce anya wannan rufe gawa ba aikin alloli ba ne, sai ya harzuƙa: ta yaya alloli za su karrama wanda ya zo ƙona ɗakunan bautarsu? Don haka ba rigima ce tsakanin mai addini da marar addini ba. Mutum biyu ne, kowanne ya tabbata alloli na gefensa, kuma ba littafin da za a buɗe a raba gardama.

Inda ya wuce gona da iri

Bambancin da ke tsakanin dokar Atina da shelar Kiriyon ƙarami ne a ido, amma a nan komai ya rataya. Atina na fitar da gawar maci amana bayan iyaka, ta ce ba ya kwanciya a ƙasarmu, abin da dangi suka yi a can ba ruwanta. Kiriyon ya ajiye gawar a bakin garinsa, ya sa mata masu gadi don ta ruɓe, ya mai da hidimar mamaci laifin kisa. Atina hukunta ɗan ƙasa ta yi ta tsaya. Kiriyon ya bi mutum har bayan mutuwa, inda sarautarsa ba ta kai ba.

Sai kuma a duba yadda harshensa ya riƙa sauyawa. Da farko ƙasa yake ambata. Bayan an kama Antigoni sai ya koma cewa in ya bar ta ta ci nasara, ita ce namiji shi ne mace. Da ɗansa Haimon ya zo, wanda aka yi wa baiko da Antigoni, auren zumunci ke nan tsakanin taubasai, ya fara da ladabi: Baba, ni naka ne, amma ni ina jin abin da mutane ke faɗa a ɓoye wanda ba za su iya faɗa a gabanka ba, gari duka na tausayin yarinyar nan. Ya ba shi misalin itatuwan bakin rafi, wanda ya lanƙwasa wa ambaliya ya tsira, wanda ya ƙi aka tumɓuke shi. Kiriyon ya ce yaro ne zai koya masa hankali? Gari ne zai gaya masa yadda zai yi mulki? Haimon ya amsa cewa garin da ya zama mallakin mutum ɗaya ba gari ba ne. Mutumin da ya fara da cewa ƙasa ta fi kowa ya ƙare yana cewa ƙasar tasa ce.

Ya sauya hukuncin daga jifa zuwa toshe ta da ranta a kogon dutse, da ɗan abinci kaɗan, wai don kada alhakin jininta ya hau kan gari. Dabara ce ta wanda ya san akwai haddi, yana neman hanyar zagaye shi.

Daga ƙarshe makahon mai duba, Tiresiyas, ya zo da yaron da ke yi masa jagora. Ya ce tsuntsaye sun haukace suna yagar juna, hadayar da ya ɗora ta ƙi cin wuta, domin karnuka da tsuntsaye sun kwaso naman gawar sun watsa a wuraren yankan alloli. Ya ce da sarki ya juya duniya: mai rai ya tura ƙarƙashin ƙasa, mamaci ya riƙe a sama. Kiriyon ya zarge shi da karɓar cin hanci, kamar yadda ya zargi masu gadi tun da farko. Sai da mai duban ya gaya masa cewa zai biya da gawa daga cikin gidansa ya tafi, sannan tsoro ya kama shi. Ya je ya fara sallamar Folinaikis, aka wanke abin da ya rage na jikin aka ƙona aka tara masa ƙasa, sannan ya nufi kogo. Ihu bayan hari. Antigoni ta rataye kanta da mayafinta. Haimon ya tofa wa ubansa yawu a fuska, ya kai masa sara bai same shi ba, ya juya takobin a kansa. Da labari ya iso gida, matar sarki Yuridisi ta kashe kanta tana tsine masa.

Antigoni ma ba waliyiya ba ce

Alloli sun gaskata ta a kan batun binnewa, wannan babu tantama. Amma Sofokilis bai yi mata kwalliya ba. Ta yi wa Isimeni magana mai zafi, kuma da Isimeni ta dawo tana son su mutu tare, ta ƙi ta a gaban jama'a. Ba ta nemi shawo kan kawunta ba ko sau ɗaya, wauta ma ta jingina masa. 'Yan amshi sun gaya mata cewa zafin kanta ne ya halaka ta.

Akwai kuma wasu baitoci da suka daɗe suna damun masu karatu. Ana kai ta kogo ta ce da miji ne ko ɗa ya mutu da ba ta saɓa wa gari ba, domin ana sake miji ana sake haihuwa, amma ɗan'uwa ba ya samuwa tunda iyaye sun rasu. Wace irin dokar alloli ce ke aiki a kan ɗan'uwa ta ƙyale miji? Babban marubucin Jamus Goethe ya yi fatan a gano cewa cusa baitocin aka yi daga baya, sai dai Aristotil ya riga ya ambace su a matsayin na Sofokilis. Ni ina ganin a nan ne ta fi zama mutum. Babbar magana ta ƙare, mutuwa ta matso, abin da ya rage mata shi ne son ɗan'uwanta. Ta tafi tana tambaya wace doka ta alloli ta karya, kuma babu wani abin bauta da ya sauko ya amsa mata.

Masanin falsafa Hegel ya ce gaskiya ce ta yi karo da gaskiya, haƙƙin gida da haƙƙin ƙasa. Ya faɗi wani abu, amma ma'aunin bai yi daidai ba. Taurin kan Antigoni ranta ya ci. Na Kiriyon, da yake akwai sojoji da kogo a bayansa, ya ci rai uku ya kuma ɓata gari.

Me ya sa Atina ta damu da wannan batu?

Domin ita ma tana janye harkar mamata daga hannun iyali zuwa hannun hukuma. Dokokin da ake jingina wa Solon sun taƙaita kukan mata da almubazzaranci a jana'iza. A zamanin Sofokilis waɗanda suka mutu a yaƙi gwamnati ce ke binne su tare a maƙabartar Keramaikos, da makara guda ba kowa a ciki domin waɗanda ba a ga gawarsu ba, kuma ɗan siyasa ne ke yin jawabi. Uwa da 'yar'uwa, waɗanda wankan gawa da makoki aikinsu ne tun kaka da kakanni, sun koma gefe. Ga kuma sababbin malamai irin su Furotagoras da ke koyar da cewa mutum ne ma'aunin komai. Tambayar ko akwai abin da majalisa ba ta da ikon taɓawa ta zama ta yau da kullum.

Shi ya sa batun ya yi ta dawowa. A wasan Ajas na Sofokilis sarakunan rundunar Girkawa sun so hana binne jarumin da ya yi yunƙurin kashe su, sai abokin gabarsa Odisiyus ya ce hana shi kabari cin zarafin dokar alloli ne. A 424 mutanen yankin Tibis sun ƙi miƙa gawarwakin sojojin Atina bayan yaƙin Diliyon har kwana 17, kuma a wajen wannan lokaci marubuci Yurifidis ya rubuta wasa kan iyaye mata da ke roƙon a karɓo musu gawar 'ya'yansu. Wani marubucin kuwa, Eskilus, a 458, ya nuna wata mafita: allolin ramuwar jini na bin wanda ya kashe uwarsa, sai aka kafa kotu a Atina, aka kuma lallashi tsoffin allolin aka ba su mazauni a cikin birni maimakon a kore su. A wasan Antigoni ma 'yan amshi sun rera cewa mai ɗaukaka a gari shi ne wanda ya riƙe dokokin ƙasa da adalcin alloli a tare. Ba wanda ya iya hakan a cikin wasan.

Talaka a tsakani

Wanda ya fi kama da yawancinmu a wasan shi ne mai gadin. Ba shi ya yi doka ba, ba shi ya karya ta ba, amma wuyansa ne a kan igiya. Shi da abokan aikinsa sun yi ta zargin juna, kowa na cewa a ba shi jan ƙarfe ya riƙe don ya nuna ba shi da hannu, har aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa ya kai mugun labari. Da ya kamo Antigoni ya faɗi gaskiya: yana murna ya tsira, yana baƙin cikin miƙa ta, amma ransa ya fi masa komai. Doka irin wannan ƙaramin ma'aikaci take mayarwa abin aikinta, ta bar shi da nauyin zuciya.

Isimeni ta yarda cewa 'yar'uwarta na da gaskiya. Ta ce mata ne su, masu ƙarfi ke mulkinsu, za ta roƙi matattu gafara domin tilas ce ta sa. Dattawan gari kuwa, 'yan amshi, da aka gaya musu shelar cewa suka yi sarki na da ikon yin kowace doka a kan rayayye da matacce. Sun ga alamar kuskure tun da wuri, suka yi shiru har sai da mai duba ya tafi, sannan suka ce ranka ya daɗe a saki yarinyar. Da sun faɗi haka da safe, da wataƙila ba a kai ga kogo ba.

Mutanen da suka rayu ƙarƙashin danniya sun gane kansu a wannan wasa. An nuna wani sabon salonsa a birnin Faris a Fabrairun 1944 lokacin mamayar Jamus. Fursunonin tsibirin Robin a Afirka ta Kudu sun yi shi a kurkuku, kuma Nelson Mandela ne ya fito a matsayin Kiriyon. A Najeriya, Femi Osofisan ya mai da labarin wani garin Yarabawa a farkon mulkin mallakar Ingila.

Idan jama'a ce ta zama sarkin

Atina ta kori sarakuna, amma hakan bai raba ta da matsalar ba. A shekara ta 406, a kwanakin ƙarshe na rayuwar Sofokilis, jiragen yaƙinta sun ci nasara a kan birnin Sfarta a kusa da tsibiran Arginusai. Jirage 25 na Atina sun nutse ko sun lalace, hadari kuma ya taso ya hana a ceto waɗanda ke cikin ruwa ko a kwaso gawarwaki. Gari ya ɗauki zafi. Mutane sanye da baƙaƙen kaya, kawuna a aske, suka cika majalisa. Wani mai suna Kaliksinus ya kawo ƙudurin a yanke wa kwamandojin hukunci gaba ɗaya da ƙuri'a guda, alhali ƙa'ida ita ce a saurari kowa shi kaɗai. Da wasu suka ce wannan ya saɓa doka, taron ya yi ta ihu cewa abin kunya ne a hana jama'a yin abin da suke so. Cikin masu jagorancin zaman, masanin falsafa Sokiratis kaɗai ya tsaya ya ce ba zai yi abin da ya saɓa doka ba.

A wannan karon masu neman haƙƙin matattu su ne ke da ƙarfi, rubutacciyar doka ce ke neman wanda zai tsaya mata. An kashe kwamandoji shida, cikinsu har da ɗan Ferikilis, a tsakiyar yaƙin da Atina ta sha kashi a cikinsa shekara biyu bayan haka. Marubucin tarihi Zenofon ya ce ba a jima ba jama'a suka yi nadama, suka juya kan waɗanda suka zuga su. Kaliksinus ya tsere kafin a yi masa shari'a, ya dawo gari bayan wasu shekaru, kowa ya ƙaurace masa, yunwa ta kashe shi.